Darasi: Saukowar Fatar Ido da Aikin Gyara Ta

A cikin dattawanmu akwai waɗanda idan za su dubi mutum sai sun ɗaga haɓa sama, ko kuma su ɗage gira har goshi ya tattare. Wata tsohuwa idan za ta zura zare a allura sai ta sa yatsa ta tallafe fatar idonta. Idan jika ya tambaya, amsar ba ta wuce, "Tsufa ne, ɗan nan." Gaskiya ne tsufa na da hannu a ciki. Amma a ƙarƙashin wannan amsa akwai abubuwa daban-daban: wani na kyan fuska ne kawai, wani yana tare gani, wani kuma alamar ciwo ne da ke buƙatar asibiti a ranar. A wannan darasi za mu koyi rarrabe su, mu ga yadda likitoci ke aikin gyaran fatar ido, da abin da ya kamata mutum ya auna kafin ya yarda a sa masa wuƙa a wurin.

Yadda fatar ido take

Duk jikin mutum babu fatar da ta kai ta ido rashin kauri. Ba ta kai milimita ɗaya ba. Duk da haka ba ta hutawa, domin mutum yakan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, kuma kowace ƙiftawa tana shafa hawaye a kan ƙwayar ido don kada ta bushe. A ƙarƙashin fatar akwai tsokar da ta zagaye ido, ita ce ke rufe shi. Can ciki kuma akwai wata tsoka da ta taso daga bayan kwarmin ido, ta ƙare da jijiya mai faɗi siririya wadda ta kama fatar sama. Wannan ita ce ke buɗe ido. Ƙwayar idon kanta tana zaune ne cikin kitse mai laushi, kuma akwai wani tantani da ke tare kitsen don kada ya turo gaba.

A idon mai lafiya, fatar sama takan rufe milimita ɗaya ko biyu ne kawai na saman baƙin ido. Ɗigon nan na tsakiya, inda haske ke shiga, a buɗe yake sarai. Ku riƙe wannan ma'auni, da shi likita ke fara aiki.

Abin da shekaru ke yi mata

Ku ɗauki fatar ido kamar labulen ƙofa da ake ɗagawa da igiya. Labule na iya tare ƙofa ta hanya biyu: ko dai yadin ya saki ya yi yawa har ya zubo, ko kuma igiyar ce ta yi sanyi ba ta iya ɗaga shi. Da ido ma haka ne, kuma gyaran kowanne daban.

Na farko, fatar ce ke yin yawa. Da shekaru suka ja, zaruruwan da ke ba fata ƙarfi da tsantsi sukan ragu, sai ta saki ta ninko a kan gashin ido, musamman ta gefen da ke wajen kunne. Zafin rana na shekara da shekaru yana gaggauta wannan, haka ma shan taba. Gado ma yana ciki, shi ya sa za ka ga gida guda duk idonsu iri ɗaya idan sun manyanta. Man bilicin da ake haɗawa da sinadarin sitiroyid yana ƙara wa fata rashin kauri, kuma fatar da dama can ba ta da kauri ita ce ke fara nunawa.

Na biyu, jijiyar nan mai ɗaga fatar ce ke miƙewa ko ta ɗan saki daga inda ta kama. A nan bakin fatar da kansa ne ke saukowa ya rufe baƙin ido, ko da fatar ba ta yi yawa ba. Yakan faru da tsufa, yakan kuma biyo bayan aikin cire yanar ido, ko yawan murza ido na shekaru. Sau da yawa ido ɗaya yakan fi ɗaya saukowa, sai a ga mutum kamar yana jin barci alhali idonsa biyu.

Akwai kuma kumburin nan na ƙarƙashin ido da ba ya sacewa ko an yi barci an ƙoshi. Wannan kitse ne ya turo gaba saboda tantanin da ke tare shi ya yi rauni. A wasu mutanen ma matsalar ba a fatar ido take ba, gira ce ta sauko ta danno fatar. Wanda aka yanke masa fatar ido alhali girarsa ce ta faɗo, an yi aikin a inda ba nan ne ciwon ba.

Mai saukowar fatar ido yawanci ba ya rasa ganin abin da ke gabansa. Abin da yake rasawa shi ne na sama da na gefe. Yakan buga kai a ƙofa, mai babur ya fito masa ta gefe bai gani ba, karatu ya gajiyar da shi domin idan ya sunkuyar da kai fatar takan ƙara rufowa. Da yamma goshi ya yi masa nauyi saboda ya yini yana ɗage gira. Mutane da yawa sun daina karatun Alƙur'ani a takarda, ko ɗinki, ko tuƙi, suna zaton idon ne ya mutu, alhali ƙwayar idon lafiyarta ƙalau.

Saukowar da ba a jira da ita

Wannan sashe ya fi duk sauran muhimmanci, ku karanta shi sau biyu. Saukowar tsufa a hankali take zuwa, cikin shekaru, ba tare da ciwo ba. Wadda ta zo farat ɗaya, cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, wani abu ne daban.

Idan fatar ido ɗaya ta faɗo kwatsam, ga ciwon kai mai tsanani, ga ganin abu biyu-biyu, ko ɗigon tsakiyar idon ya fi na ɗayan girma, to wataƙila jijiyar da ke kawo umarni daga ƙwaƙwalwa ce wani abu ya danne, kuma yana iya zama kumburin hanyar jini a cikin kai. Wannan asibiti ake nufa nan take, ko da tsakar dare ne. Masu ciwon suga da hawan jini ma jijiyar takan samu matsala. Idan kuma da safe idon a buɗe yake, sai yamma ta yi fatar ta yi ta saukowa, wani lokaci har da wahalar tauna ko haɗiya, likitoci sukan yi zargin wata cuta mai raunana tsoka da ake kira mayasteniya, kuma da magani ake fara kula da ita. Wanda maciji ya sara, aka ga fatar idonsa ta fara rufowa, dafin ya kama jijiyoyi ke nan, numfashi ne zai iya biyo baya.

Yaron da aka haifa da ido ɗaya a rufe-rufe shi ma kada a ce a bari ya girma. Idon da ba ya samun haske a shekarun farko ba ya koyon gani, kuma idan lokacin ya wuce gyaran yana da wuya ƙwarai.

Yadda ake aikin

Aikin ba sabon abu ba ne. Selsus, marubucin Rum na ƙarni na farko, ya bayyana yadda ake rage fatar ido da ta saki. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin ayyukan fatar ido a littafinsa At-Tasrif, haka ma Ali bin Isa, likitan ido na Bagadaza. A 1924 wani likitan Faransa mai suna Bourguet ya nuna yadda za a kai ga kitsen ƙarƙashin ido ta cikin fatar, ba tare da an tsaga waje ba, kuma har yau ana bin wannan hanya.

Kafin ranar aiki likita zai auna tazarar da ke tsakanin bakin fatar sama da tsakiyar baƙin ido, ya duba ƙarfin tsokar, ya duba ko idon yana samun isassun hawaye. Akan yi gwajin faɗin gani sau biyu: sau ɗaya fatar tana yadda take, sau ɗaya an ɗage ta da filasta. Bambancin da ke tsakanin biyun shi ke nuna yawan ganin da fatar ta tare. Zai kuma tambayi magungunan da mutum ke sha. A nan kada a ɓoye komai. Asfirin, ibufurofen da magungunan tsinka jini irin su warfarin suna ƙara zubar jini, amma kada mutum ya daina shan su da kansa, likitan da ya rubuta su ne zai faɗi yadda za a yi. Na gargajiya ma a ambata su.

A ranar, likita zai zana layi da alƙalami a kan fatar, yana bin ninkin nan da kowane ido ke da shi, domin tabon ya ɓuya a ciki. Sai ya tsunkuli fatar ya ga iya abin da za a cire ido ya ci gaba da rufuwa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a bar kamar milimita 20 na fata tsakanin gira da gashin ido. Yawanci allurar kashe zafi ake yi a wurin, mutum yana farke. A cire 'yar siririyar fata, wani lokaci da ɗan kitse, a ɗinke da zare mai laushi. Fatar sama ta ido biyu takan ɗauki kamar awa ɗaya. Idan matsalar ta jijiya ce, sai a nemo ta a ɗaure ta a inda ta saki, kuma akan ce wa mutum ya buɗe ido ana cikin aikin don a daidaita tsayin biyun. Wannan ya fi wancan wuya, kuma wani lokaci sai an sake taɓawa.

Mutum yakan koma gida a ranar. Kumburi da taruwar jini a ƙarƙashin fata sukan yi mako ɗaya zuwa biyu. Ana ɗora tsumma mai tsabta mai sanyi, a kwanta da kai a sama, a bar ɗaukar kaya masu nauyi da dogon sunkuyo na ɗan lokaci. Mai salla ya tambayi likita yaushe zai koma yin sujada. Akan cire zare bayan kwana biyar zuwa bakwai. Kwalli da hoda sai ciwon ya warke. Tabon yakan ɗauki watanni kafin ya dushe, kuma a baƙar fata yakan yi duhu na ɗan lokaci. Wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu ya faɗa wa likita tun farko.

A Amurka, tun 2020 aka amince da wani maganin ɗigawa mai suna Upneeq wanda ke ɗaga fatar da ta ɗan sauko kaɗan. Aikinsa na 'yan sa'o'i ne, kullum sai an sake ɗigawa, kuma ba ya rage fatar da ta yi yawa.

Abin da ka iya ɓaci

A hannun gwani yawancin aikin yakan tafi lafiya. Amma ido ba wurin gwaji ba ne. Idan aka cire fata fiye da kima, idon ba zai rufu sosai ba, musamman cikin barci. Sai ya bushe, ya yi ta raɗaɗi kamar an zuba yashi, har gaban baƙin ido ya iya yin gyambo. Fatar da aka yanke kuwa ba ta dawowa, sai dai a ɗebo wata daga bayan kunne a yi faci. Fatar ƙasa tana iya janyewa ta juyo waje, jan cikinta ya bayyana, hawaye su yi ta zuba. Ido biyun suna iya fita ba daidai ba. Mafi muni, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba, shi ne jini ya taru a bayan ƙwayar ido ya danne jijiyar gani. Alamarsa ciwo mai tsanani, ido ya firfito, gani ya dushe, yawanci a ranar farko. Idan ba a buɗe wurin da gaggawa ba, ganin yana iya tafiya har abada. Saboda haka tambayar da ta wajaba a yi wa likita kafin aiki ita ce: idan wani abu ya taso da dare, wa zan kira, ina zan je?

Wanda zai yi wannan aiki ya zama likitan ido ko likitan gyaran jiki da ya samu horo a kai, mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasarsa. Shagon kwalliya ba asibiti ba ne, komai kyan hotunan da yake sakawa a Instagram. Masu tafiya wata ƙasa a yi musu su dawo cikin mako guda su tuna cewa matsala takan fito ne bayan an dawo, lokacin da likitan ya yi nisa.

Magani ne ko kwalliya?

A duniya yawancin masu yin aikin don kyan fuska suke yi. Ƙungiyar likitocin kwalliya ta duniya, ISAPS, ta ba da rahoton cewa a 2024 an yi aikin fatar ido fiye da miliyan 2, har ya zama aikin kwalliya na tiyata da aka fi yi a shekarar. A Ingila hukumar lafiya ta gwamnati ba ta biyan kuɗinsa idan na kwalliya ne, kuma a asibitin kuɗi yakan ci fam 2,000 zuwa 6,000. Idan gwaji ya nuna fatar tana tare gani, lissafin yakan canza, a can da Amurka duka. Wato su kansu masu biyan kuɗin sun raba abin gida biyu.

Malaman Musulunci ma sun yi irin wannan rabo. Sukan kafa hujja da labarin sahabi Arfaja bin As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun kafin Musulunci, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya yi masa izinin sa na zinariya. Daga nan suka fahimci cewa gyara abin da ya lalace halas ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Putrajaya a Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar da ke dawo da aikin gaɓa ko gyara nakasa, ta kuma hana cire tamoji don ado kawai idan ba ciwo ba ne. Wanda abin ya shige masa duhu ya haɗa bayanin likita da na malami, domin malamin yana buƙatar sanin ko fatar tana tare gani kafin ya ba da amsa.

Ra'ayina a nan shi ne, dattijon da fatar ido ta hana shi karatu ko tafiya kasuwa shi kaɗai, kada kunya ta hana shi neman gyara, kuma kada 'ya'yansa su ce Baba yana neman komawa yaro. Wanda kuma ganinsa lafiya lau, fuskar ce kawai ba ta yi masa daɗi a madubi, ya yi dogon tunani. Aikin ba ya tsayar da tsufa, ba ya goge layukan gefen ido, ba ya kuma kawar da duhun ƙarƙashin ido idan launin fata ne. Ina jin zafin yadda talla ke sa mace 'yar shekara arba'in ta ɗauki fuskarta a matsayin abin da ya lalace.

Aikin fatar ido da ya fi shafar yankinmu

A ƙauyukan arewacin Najeriya da kudancin Nijar, da Chadi da Sudan, aikin fatar ido da aka fi buƙata ba shi da alaƙa da ado. Na amosanin ido ne, cutar da likitoci ke kira tirakoma. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, tana yaɗuwa ta hannu, tsumma da ƙudaje masu sauka a kan kwantsar yara. Idan ta yi ta kama mutum tun yana ƙarami, cikin fatar sama yakan yi tabo, tabon ya janye bakin fatar ciki, gashin ido ya koma yana gogar ƙwayar ido a kowace ƙiftawa. Ƙarshensa hakiya da makanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar ta makantar ko ta raunana ganin mutum kusan miliyan 1.9, kuma mata sun fi maza kamuwa da makantar nesa ba kusa ba, saboda su ke tare da yara. Duk wanda ya ga tsohuwa da matsefata rataye a wuya tana tsige gashin idonta, ya ga wannan ciwo. Tsigewar tana ba da sauƙi na 'yan kwanaki, gashin ya sake fitowa.

Gyaransa ɗan gajeren aiki ne, kamar minti 20 a ido ɗaya, da allurar kashe zafi. Ana tsaga fatar a juyo da bakinta waje a ɗinke. Ma'aikatan jinya da aka horar suna yin sa a ƙananan asibitoci, kuma a yawancin gangamin da gwamnatoci ke yi tare da ƙungiyoyi irin su Sightsavers kyauta ne. Sauran matakan yaƙi da cutar su ne rabon maganin azitiromaisin, wanke fuskar yara, da samar da ruwa da masai. Ghana ta bi wannan hanya har aka tabbatar ta kawar da cutar a matsayin matsalar lafiyar al'umma a 2018, Togo a 2022, Benin da Mali a 2023. Mai neman a duba shi yana iya farawa daga sashen ido na babban asibitin da ke kusa, daga nan a tura shi wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano idan abin ya fi ƙarfinsu.

Aikin aji

1. Da bakinka, bayyana bambancin fatar da ta yi yawa da jijiyar da ta saki. Me ya sa gyaransu ba ɗaya ba ne?

2. Maƙwabcinka ya tashi da safe ido ɗaya a rufe, yana kukan ciwon kai, yana ganin abu biyu-biyu. Matarsa ta ce a bari a ga yadda zai kwana. Me za ka ce mata?

3. Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya zama likita, ɗaya ya zama dattijuwar da aka ce za a yi mata aikin fatar ido. Dattijuwar ta yi tambayoyi huɗu kafin ta amince.

4. A unguwarku ko ƙauyenku, akwai wanda ke tsige gashin ido saboda yana sokar masa ido? Ku binciko asibitin da ke duba ido mafi kusa da ku, da ranakun da ake ganin marasa lafiya, ku kawo bayanin a zama na gaba.